Yadda Ake Kare Lafiyar Kifin Ado Kafin Sabon Tanki Ya Nuna

Mutum ya sayi tankin gilashi, ya wanke tsakuwa ya shimfiɗa a ƙasansa, ya cika shi da ruwa, ya kunna na'urar tace ruwa, sannan ya saki kifayensa na ado ya zauna yana kallonsu suna kai da kawowa. Kwana uku ko huɗu na farko babu wata matsala. A rana ta shida sai ya ga ɗaya ya laɓe a kusurwa ya manne fukafukansa a jiki, wani kuma ya taso saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa kamar mai haki. Kafin mako na biyu ya cika ya tsamo gawa biyu ko uku, alhali ruwan yana nan garai-garai, bai yi wari ba, bai canza launi ba, kuma shi a iya saninsa bai rage kifayen da komai ba. Abin da ya faru shi ne tankin ɗanye ne, bai riga ya nuna ba, gubar da ta kashe kifayen kuwa ba ta da launin da ido zai gani.

Ya kamata in faɗi gaskiya tun da farko cewa hanyar da ta fi tausayi ita ce a bar tanki ya nuna kafin a sa masa kifi ko ɗaya, ana ɗiga masa amoniya, wato gubar da kifi ke fitarwa, ko ana jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe a ciki har makonni su shuɗe. Sai dai mutane da yawa ba su jin wannan bayani sai kifi ya riga ya shiga ruwa, ko dai don kyauta aka ba su, ko tsohon tankinsu ne ya tsage, ko kuma wanda ya sayar musu bai yi musu gargaɗi ba. Saboda su na yi wannan rubutu. Ana iya fitar da kifaye lafiya daga wannan zango, da sharaɗin mai kiwo ya amince cewa na tsawon wata ɗaya ko fiye, shi ne zai riƙa yin aikin da tankin bai iya yi wa kansa ba tukuna, da bokiti da tiyo da kayan gwaji.

Abin da ake nufi da nunar tanki

Kifi yana fitar da amoniya dare da rana, kuma mafi yawanta ta mashaƙarsa take fita, wato jan naman nan mai sala-sala da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa, wanda da shi yake numfashi. Ragowar abinci da kashin kifi da mataccen ganye su ma idan suka ruɓe amoniya suke bayarwa. A kogi ko tabki yawan ruwa yana sirke ta har ba a jin ta, amma a tanki mai lita 60 ba ta da wurin zuwa, sai ta taru tana ƙona mashaƙar kifi da fatarsa, tana kuma hana shi fitar da wadda ke cikin jininsa.

Masu kawar da ita ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kafuwarsu a tanki ita ce nunarsa, kuma rukuni biyu ne. Na farko, irin su bakteriyar Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne mai kisa. Na biyu suna karɓar naitirait su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jure wa mai yawa daga cikinsa. Sunayen biyu suna kama da juna ƙwarai, don haka a kiyaye: a jikin kwalaben gwaji, wanda aka rubuta wa NO2 shi ne naitirait mai haɗarin, wanda aka rubuta wa NO3 kuma shi ne naitiret. Masanin ƙananan halittu Sergei Winogradsky ne ya fayyace aikin waɗannan bakteriya a wajajen 1890. Shekaru da dama littattafan kiwon kifi suna cewa Nitrobacter ce ke yin mataki na biyu a cikin tanki, har sai da binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa a 1998 ya nuna cewa a tankunan ruwan da ba na gishiri ba Nitrospira ce ta fi ɗaukar nauyin aikin.

Halaye biyu na waɗannan halittu su ne tushen duk shawarar da za ta biyo baya. Na ɗaya, suna da nawar haihuwa. Akwai bakteriyar da ke ninka yawanta cikin minti 20, su kuwa waɗannan sai su kwashe sa'o'i masu yawa, wani lokaci har kwana guda ko fiye, kafin su ninka sau ɗaya. Shi ya sa nunar tanki ke cin mako 4 zuwa 6, idan ruwan yana da sanyi ma ya kai 8. Na biyu, ba a cikin ruwa suke yawo ba, manne suke a jikin abubuwa, musamman soson da ke cikin na'urar tace ruwa, sai tsakuwa da duwatsu da jikin gilashi. Wanda ya fahimci wannan na biyun ba zai ji tsoron canza ruwa ba, kuma ba zai yi wa soso wankin tsaf ba.

Abin yakan bi tsari ɗaya. A mako na farko zuwa na biyu amoniya ce ke hawa. Daga nan sai ta fara sauka, naitirait ya karɓe ta, kuma shi yakan fi daɗewa. A ƙarshe shi ma ya faɗi, naitiret ya fara bayyana yana ƙaruwa sannu a hankali.

Gwaji, kullum

Tunda ido ba ya ganin gubar, babu makawa sai an mallaki kayan gwajin ruwa na abubuwa huɗu: amoniya, naitirait, naitiret da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Na ruwa, waɗanda ake ɗigawa a 'yar kwalbar gilashi, sun fi 'yan takardun tsomawa ba da sakamakon da za a dogara da shi. A riƙa gwada amoniya da naitirait kowace rana a lokaci ɗaya, zai fi kyau da safe kafin a ba da abinci, a kuma riƙa rubuta sakamakon da kwanan wata a littafi, domin lambar yau kaɗai ba ta faɗa wa mutum komai game da inda aka dosa sai an jera ta da ta jiya da ta shekaranjiya.

Yadda ake karanta launin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A ɗebi ruwa daidai layin da ke jikin kwalbar, a riƙe kwalbar sinadarin a tsaye sak domin ɗigon ya zama daidai, a rufe da murfi a girgiza, a jira adadin mintunan da aka rubuta a takardar, sannan a jingina kwalbar da farin ɓangaren katin launuka a wurin da hasken rana yake, ba ƙarƙashin jan ƙwan lantarki ba. A gwajin amoniya, bambancin ruwan ɗorawa tsantsa da ruwan ɗorawa mai ɗan sirkin kore shi ne bambancin sifiri da 0.25, kuma a ɗaki mai duhu mutum yakan ga abin da zuciyarsa ke so ne. Kwalba ta biyu ta gwajin naitiret tana buƙatar girgiza mai ƙarfi kafin a ɗiga, saboda sinadarinta yana kwanciya a ƙasa, idan ba haka ba sai ta nuna sifiri alhali akwai shi.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne miligiram a kowace lita. Burin mai kiwo a wannan zango shi ne kada amoniya ko naitirait su wuce 0.25, idan ɗayansu ya kai 0.5 kuwa a canza ruwa a ranar, kada a bari sai gobe.

Akwai wani sirri game da amoniya da ya kamata kowane mai kiwo ya sani. A cikin ruwa tana da siffa biyu, mai guba sosai da mai sauƙin guba, kayan gwaji kuma jimillarsu suke nunawa. Abin da ke raba kason kowace siffa shi ne pH da zafin ruwa. Ma'aunin pH yana nuna ko ruwa ya karkata ga tsami, wato ƙasa da 7, ko ya karkata ga kishiyarsa, wato sama da 7. A zafin digiri 25 na Salshiyas, idan pH yana 7, siffar mai gubar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na jimillar ba, amma idan pH ya kai 8 sai ta haura kashi 5 cikin 100, kusan ninki goma ke nan. Ma'ana, mutum biyu za su iya samun lamba ɗaya a gwaji, kifin ɗaya yana iyo lafiya, na ɗayan yana haki. Wanda ruwansa ke da pH 8 ko sama dole ya fi tsananta wa kansa, ya ɗauki 0.25 a matsayin ƙararrawa. Kuma kada kowa ya zuba sinadarin ɗaga pH a tankin da ke da amoniya, domin cikin mintuna zai mayar da mai sauƙin ta koma mai kisa.

Canjin ruwa shi ne babban magani

Za a ji masu cewa kada a taɓa ruwan sabon tanki, wai canza shi yana zubar da bakteriya ko yana hana su abinci. Ban yarda da wannan ba, kuma dalilin ya riga ya gabata: bakteriyar suna jikin soso da tsakuwa, kifayen kuma ba su daina fitar da amoniya ko na minti ɗaya, saboda haka abincin bakteriya ba ya yankewa. Ko da yawan canjin ruwa zai ƙara wasu kwanaki a kan lokacin nunar, kwanakin sun fi arha a kan mashaƙar da ta ƙone, wadda sau da yawa ba ta komawa yadda take.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan gwaji ya nuna 1.0 aka cire rabin ruwan aka zuba sabo, an koma 0.5. Idan bayan 'yan sa'o'i aka sake cire rabi, an koma kusa da 0.25. Wanda ya cire kashi 10 cikin 100 kawai daga ruwa mai 1.0 ya koma 0.9 ne, wato bai yi komai ba. Don haka gwaji ne ke faɗin yawan ruwan da za a canza: kashi 25 zuwa 30 cikin 100 idan lambar ta ɗan ɗaga, rabi idan ta kai 0.5 ko ta wuce, sau biyu a yini idan ta kai 1.0 ko fiye. A makonnin tsakiya ba abin mamaki ba ne mutum ya yi haka kusan kowace rana. Cika tanki saboda ruwan da ya ƙafe kuma ba canjin ruwa ba ne, domin ruwa ne kaɗai ke tashi, gubar tana nan inda take.

Wajen cirewa, a kashe na'urar ɗumama ruwa idan akwai, domin idan ta fito fili tana da zafi tana iya fashewa. A sa bakin tiyo a ƙasan tanki a bi saman tsakuwa a hankali ana zuƙe kashi da ragowar abinci, ba tare da an birkita tsakuwar duka ba. Wajen zubawa, a tabbata zafin sabon ruwan bai bambanta da na tankin da fiye da digiri 1 ko 2 ba, a kuma zuba shi sannu a kan faranti ko tafin hannu don kada ya tayar da ƙura ya firgita kifaye. Bokiti da tiyon su zama na tanki kaɗai, waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba.

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin ko kuloramin, waɗanda aka sa domin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba su bambance bakteriyar cuta da wadda muke reno. Suna ƙona mashaƙar kifi su ma. Dole a ɗiga maganin kashe kulorin a kowane bokiti kafin ya shiga tanki. Kulorin zalla yana fita idan aka bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu, amma kuloramin ba ya fita da ajiya, kuma da yake haɗin kulorin ne da amoniya, idan magani ya raba su sai ya bar 'yar amoniya a ruwan. Saboda haka yana da kyau tun ranar farko a gwada ruwan da ake zubawa shi kansa, a san abin da yake shigowa da shi. Akwai magungunan ruwa da aka rubuta cewa suna ɗaure amoniya na ɗan lokaci. Ana iya amfani da su a ranar da abu ya ɓaci, amma kada su maye gurbin bokiti. A kuma sani cewa irin gwajin amoniya da ake kira Nessler, mai komawa launin ƙasa-ƙasa, yakan ba da sakamakon ƙarya idan an sa irin waɗannan magunguna, wanda ke komawa kore ya fi dacewa.

Abinci kaɗan, kifi kaɗan

Duk abincin da ya shiga tanki, ko kifi ya ci ko bai ci ba, wani ɓangarensa amoniya zai zama. Wannan ita ce ƙofar da ta fi sauƙin rufewa, kuma ita ce wadda tausayi ke hana mutane rufewa, domin kifi yana tasowa gaban gilashi duk lokacin da ya ga mutum, sai a ɗauka yunwa ce. A ba da abinci sau ɗaya a rana, ko ma rana ɗaya a tsallake ɗaya, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu, abin da ya nutse ba a ci ba kuma a tsame shi. Ranar da gwaji ya wuce iyaka a fasa ba da abinci gaba ɗaya. Babban kifi mai lafiya yana yin kwanaki ba tare da ci ba kuma babu abin da zai same shi. 'Ya'yan kifi ƙanana ne kawai ba su jure haka, shi ya sa ɗanyen tanki bai dace da su ba.

Yawan kifi ma haka. Ƙananan kifaye huɗu ko biyar a lita 60 abu ne da bokiti zai iya riƙewa, ashirin kuwa ya fi ƙarfinsa. Wanda ya riga ya cika tanki gara ya mayar da wasu ko ya ba wani mai nunannen tanki ajiyarsu. Kifaye irin su danio mai zane da platy suna da juriya, discus da neon tetra da ƙananan jatan lande na ado ba su da ita, kifin zinariya kuma yana da juriya amma yana fitar da ƙazanta mai yawa ƙwarai. Juriya dai ba ta nufin kifin ba ya jin ciwo, jinkirin mutuwa kawai take nufi. Har zuwa ranar da tanki zai nuna, kada a ƙara ko kifi ɗaya.

Na'urar tace ruwa da iska

Na'urar tace ruwa ita ce gidan bakteriya, kuma ba a kashe ta da dare don ƙararta ko don tsimin wuta. Waɗannan halittu suna shan iskar oksijin da yawa: kafin su mayar da miligiram 1 na naitirojin da ke cikin amoniya ya zama naitiret sai sun ci kusan miligiram 4.6 na oksijin. Idan ruwa ya daina ratsa soso na sa'o'i da yawa sai su fara mutuwa. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, a ciro soson a sa shi cikin tankin ko a faffaɗan kwano mai ruwan tanki inda iska ke taɓa shi, a kuma zubar da ruwan da ya kwana a cikin rufaffiyar na'ura kafin a sake kunna ta.

Ni kaina na taɓa yin asara a nan. A mako na huɗu na wani tanki, naitirait ya fara sauka, sai na buɗe na'urar na ga soson ya yi launin ƙasa yana da yauƙi, na kai shi bakin famfo na matse shi har ya koma kamar sabo. Bayan kwana biyu ruwan kwalbar gwaji ya koma shuɗi mai duhu da ke karkata ga jar garura, alamar naitirait ya sake hawa, ƙaramin kifin da ya fi kowa kuzari kuma na same shi kwance a kan tsakuwa murfin mashaƙarsa yana bugawa da sauri. Yauƙin nan da na wanke shi ne abin da na yi wata guda ina jira. Tun daga ranar ba na taɓa soso a lokacin nunar tanki sai idan ya toshe har ruwa ya rage gudu, idan kuwa ya toshe, a bokitin ruwan da na cire daga tanki nake matsa shi sau biyu ko uku in mayar.

A ƙara iska da famfon iska da dutsen kumfa, ko a ɗaga bakin na'urar yadda zai riƙa kaɗa saman ruwa. Ga kifayen yankuna masu zafi, digiri 24 zuwa 26 ya isa. Ɗaga zafi zuwa 30 yana gaggauta haihuwar bakteriya, amma wannan dabara ce ta tankin da babu kifi, domin ruwa mai zafi yana riƙe oksijin kaɗan kuma yana ƙara wa amoniya guba. A riƙa duba pH sau biyu a mako, saboda aikin bakteriyar yana jawo tsami. Idan ya sauka ƙasa da 6.5 aikinsu yana raguwa, kusa da 6 kuma kusan ya tsaya. Canjin ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai yakan gyara wannan ba tare da an girgiza kifi ba.

Wani lokaci a makon farko ruwa yakan yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Wasu bakteriya ne daban, masu saurin haihuwa, suka samu abinci a ruwan. Yakan washe da kansa cikin kwanaki, abin da ake buƙata kawai a rage abinci a ƙara iska.

Zangon naitirait

A nan ne mutane suka fi karaya. Amoniya ta koma sifiri, an fara murna, sai ga naitirait ya hau ya ƙi sauka mako biyu ko uku. Lambarsa ma takan fi ba da tsoro, domin miligiram 1 na amoniya yana komawa kusan 2.7 na naitirait. Illarsa ta daban ce: yana shiga ta mashaƙa ya lalata sinadarin jini mai ɗaukar oksijin, jinin ya koma launin ƙasa-ƙasa, kifi ya riƙa shaƙewa alhali ruwan cike yake da iska.

Bayan canjin ruwa, gishiri yana taimakawa ƙwarai a wannan zango, saboda sinadarin kulorayid da ke cikinsa yana bin ƙofar da naitirait ke bi a mashaƙa, sai ya tare masa hanya. Masu kiwon kifi sukan yi amfani da kimanin kashi 10 na kulorayid ga kowane kashi 1 na naitirait, gishiri kuma kusan kashi 60 cikin 100 nasa kulorayid ne. A tanki mai lita 100 da gwaji ya nuna naitirait 1.0, abin da ake buƙata bai wuce giram 1.7 na gishiri ba, wanda bai kai rabin ƙaramin cokali ba. A narkar da shi a kofi kafin a zuba, ya zama gishiri zalla mara haɗi. Gishiri ba ya ƙafewa, don haka idan an canza rabin ruwa rabin adadin kawai za a mayar. Kada a zarce, domin tsirrai da wasu kifaye irin su corydoras ba su son gishiri mai yawa. Gishirin kare kifi yake yi, ba ya rage lambar da gwaji ke nunawa, kuma ba ya yin komai game da amoniya.

Abin da ke rage tsawon jira

Babu abin da ya kai tsohon soso daga nunannen tanki mai lafiyayyun kifaye. Idan aka samu guntunsa aka kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa aka cusa a na'ura cikin 'yan sa'o'i, makonni shida suna iya komawa kwanaki. Tsakuwar tsohon tanki ma tana taimakawa, ruwansa kaɗai kuwa kusan ba ya ɗauke da komai. A tabbata dai tankin da aka ɗauko daga cikinsa babu cuta. Bakteriyar kwalba da ake sayarwa wani lokaci tana aiki wani lokaci ba ta yi, gwargwadon irin da ke ciki da yadda aka adana ta, saboda haka wanda ya zuba ta ya ci gaba da gwaji kamar bai zuba ba. Tsirrai masu saurin girma, musamman masu yawo a saman ruwa, suna shan amoniya kai tsaye, kuma suna ba kifin da ke cikin damuwa wurin fakewa.

Kifin da guba ta galabaita yana saurin kamuwa da cuta, musamman cutar fararen ɗigo masu kama da barbaɗin gishiri a jiki, da zaizayewar fukafukai. Duk da haka, idan aka ga kifi yana haki, ko mashaƙarsa ta yi ja jawur, ko jajayen jijiyoyi sun fito a wutsiyarsa, ko ya ƙi abinci, abin farko shi ne gwaji da canjin ruwa kafin a yi tunanin magani. Magungunan kashe bakteriya da shuɗin maganin nan methylene blue suna kashe bakteriyar soso, su mayar da mutum ranar farko. Idan magani ya zama dole, a ware mara lafiyar a wani mazubi mai iska a yi masa a can. Gawar kifi kuma a tsame ta nan take, a riƙa ƙirga kifaye kowace safiya don kada wata ta ruɓe a bayan dutse.

Ana cewa tanki ya nuna idan amoniya da naitirait suka tsaya a sifiri kwana 7 a jere, ana ba da abinci kuma ba a canza ruwa don saukar da su ba, naitiret kuma yana ɗan hawa. A tanki mai tsirrai da yawa naitiret ɗin zai iya zama kaɗan, domin tsirran suna shanye shi. Amma bakteriyar da suka kafu daidai ƙazantar kifayen da ke ciki suke, saboda haka a ƙara abinci a hankali, sababbin kifaye kuma su shigo biyu ko uku a lokaci guda, a bar mako biyu tsakani ana gwaji. Daga nan sai a koma canza kusan kashi 25 cikin 100 na ruwa kowane mako, ana riƙe naitiret ƙasa da 40. Idan soso ya tsufa ya fara ruguzuwa a raba shi biyu, a sauya rabi, sai bayan wata guda a sauya ɗaya rabin. Idan kuma akwai wuri a cikin na'urar, a cusa ƙarin guntun soso ya zauna a can, domin ranar da za a kafa wani tanki ko a ware mara lafiya, da shi za a fara.